Muryar da Na Goge da Hannuna

Assalamu alaikum edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aiko wa wannan shafi, ina girgiza kai ina cewa Allah ya kyauta, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana nawa zai shiga layi ba. Ba zan ambaci sunana ba, ba kuma zan ambaci na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa duk suna nan da ransu in ban da mutum ɗaya. A lokacin da abin ya faru ni matashi ne sabon aure, ɗan Likoro ta ƙasar Kudan. Na gama karatun kwamfuta a Zariya, na samu aiki a wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitocin karkara a Ikara da Makarfi da Kudan, ofishinmu kuma yana Makarfi. Ina ji da kaina ƙwarai a wancan zamanin. In na je gida ranar Juma'a da jaka a kafaɗa tsofaffi sukan ce mini injiniya, ni kuwa ba na gyara musu. Abu ɗaya ne ban taɓa yarda abokan aiki su sani ba, wato ni matsoraci ne a kan mamaci. Tun ina yaro in aka yi rasuwa a unguwa daga can baya nake bin jana'iza, a maƙabarta kuma ba na matsawa bakin kabari. Wannan tsoron ne ya kai ni na goge wa marainiya muryar ubanta tun ba a haife ta ba.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don in ba haka ba ba za a gane inda laifina yake ba. Kowane asibiti a cikin namu yana da kwamfutar da ma'aikata ke shigar da bayanan marasa lafiya, awon masu ciki, rigakafin yara, har da irin ciwon da mutum ba ya son ko matarsa ta ji. Duk waɗannan suna taruwa ne a babbar kwamfutarmu ta Makarfi. Ita kuwa ba ta buɗe wa kowa ƙofa sai ya nuna shaida, shaidar nan ita muke kira satifiket. Ba takarda ba ce irin ta makaranta, wani hatimi ne da ake dasawa a cikin na'ura, ɗauke da sunan mai ita da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Da can sai mutum ya hau babur ya bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya yana dasawa yana sabuntawa, ruwa ya kama shi a hanyar Malikanchi ya dawo kamar an tsamo shi daga rijiya. Ogana ne ya kawo manhajar da ta tattara komai wuri guda. Daga kan kujera a Makarfi kana iya ba na'ura satifiket, ka sabunta mata, ka soke shi in ta ɓace, kuma in ka ga dama ka aika mata umarni ta goge duk abin da ke cikinta ƙarƙaf. A allon manhajar sunaye ne a jere, wanda ya shigo sai gefen sunansa ya yi kore, wanda ba ya nan ya zauna ruwan toka.

Ogan nawa mutumin Malikanchi ne, ɗan gidan malamai, sai da ya yi hadda kafin ya shiga boko. Mutum ne mai sanyin hali mai son tsokana, shi ya koya mini duk abin da nake taƙama da shi, kuma ɗan gaggawa yake kirana saboda yadda nake danna abu kafin in karanta. Shi da matarsa sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, har dangi sun gaji da magana sun yi shiru, sai a shekarar nan ta samu ciki. Ban taɓa ganin babban mutum ya rikice da murna irin haka ba. Da yake aikin yana yawan raba shi da gida, sai ya ɗauko wata ɗabi'a. In an tashi hutun azahar yakan tura ƙofar ɗan ɗakinmu, ya buɗe kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya yi ta tilawa yana naɗar muryarsa. Ya ce so yake ya kai izu sittin kafin a haihu, abin da ke cikin ya san muryar ubansa tun kafin ya ga fuskarsa. Wani lokaci in ya idar sai ya ɓige da hira, yana gaya wa cikin yadda masara ta yi a gonarsu, da wanda ya ɓata masa rai a ofis. Ni kuwa ina gefe ina dariya ƙasa-ƙasa, har na taɓa ce masa jaririn nan zai fito ya fi shugaban ƙungiyarmu sanin sirrin ofis. Saboda haka ba zan iya cewa ban san abin da ke cikin kwamfutar nan ba. A gabana aka zuba shi.

Wata Litinin cikin damina ya taso daga gida da safe zai zo aiki, motar hayar da ya shiga ta yi karo da wata babbar mota. Waɗanda suka fara isa sun ce ko shurawa bai yi ba. Wayarsa ta farfashe, jakar kwamfutarsa kuwa ba wanda ya ce ya gan ta. Na je jana'iza na tsaya can baya kamar yadda na saba, na kasa ko kama makarar mutumin da ya riƙe ni kamar ƙaninsa. Bayan sadakar uku shugabanmu ya ce in bi diddigin kwamfutar tunda ta ofis ce. Na kira wan marigayin a waya, bayan doguwar gaisuwa da ƙarin ta'aziyya na shigo da maganar. Dattijon ya ce shi dai an kawo masa hula da takalmi da agogo, bai ga wata jaka ba, kuma ai na san halin mutanen yanzu a wurin haɗari. Shi ke nan muka ɗauka an sace ta. Ƙa'ida ita ce in soke satifiket ɗinsa a ranar. Na buɗe manhajar na ga sunansa a sama, domin shi aka fara shigarwa, sai hannuna ya ƙi. Na ga kamar rashin kunya ne in share sunan mutum ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, sai na ce wa kaina bari a yi arba'in.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi ina zaune ni kaɗai, na ɗaga kai sai na ga sunansa ya yi kore. Na ture kujera na miƙe tsaye. Ilimin abin bai ɓace mini ba. Akwai layin waya na ofis a cikin kwamfutar, da an kunna ta take haɗuwa da kanta ta miƙa satifiket, babbar kwamfuta ta karɓa. Wani ne dai ya kunna ta a wani wuri, manhajar kuma ba ta iya gaya mini ina ne. Kaina ya san wannan, ƙirjina ne ya ƙi yarda. Sunan ya ɗan jima a kore sannan ya koma toka. Washegari da hantsi ya sake dawowa, haka kuma kashegarinta. Na duba abin da mai kunnawar yake yi, ko wani bayanin mara lafiya ɗaya bai taɓa ba. Ɓarawo da ya samu irin wannan ƙofa ai zai yi lalube, ko kuma ya kai ta kasuwa a wanke ta. Wannan kuwa shigowa kawai yake yi ya zauna shiru ya tafi, daidai lokacin da ogana ya saba shigowa ya rataye hularsa. Kujerarsa tana nan kusa da tawa ba wanda ya ɗauke. Na fara jin kamar ana tilawa ƙasa-ƙasa a ɗakin in azahar ta yi, har na koma ina riga kowa zuwa masallaci in daɗe ban dawo ba, mutane suna cewa mutuwar oga ta shiryar da ni. Ban gaya wa shugaba ba.

Matata ce ta fara lura, don na daina cin abinci sai dai in jagwalgwala in tashi. Da ta matsa na gaya mata. Na zaci za ta tsorata, sai ta dube ni ta ce mamaci ba ya kunna kwamfuta, ta kuma tambaye ni ko an tambayi matarsa. Na ce na tambayi wansa. Ta ce yaushe maza suka san abin da ke cikin ɗakin mace. Ta ce mu je gaisuwa ranar Juma'a, ni in zauna a zaure ita ta shiga ciki, cikin hira ta jefa mata tambayar a hankali ba wanda zai ji. Wallahi da na ce to, da ban zauna ina rubuta wannan ba. Sai na hau ta da faɗa. Na ce matar tana takaba, ga tsohon ciki, a je a tayar mata da maganar kayan ofis kamar ana tuhumarta da sata? Na ce so take mutanen Malikanchi su ce 'yan ofis sun zo karɓar kayansu tun ba a share makoki ba? Na yi ta kawo maganar kunya da kara da tarbiyya, har ni kaina na fara yarda da abin da nake faɗa. Ta tashi ta kwashe kwanuka. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada matar ta ce ba ta wurinta, a bar ni da ɗaya bayanin da ba na son in ambata.

Ana haka wata safiya shugaba ya shigo ta bayana ban ji ba, ya tarar da sunan a kore. Ya yi salati, ya tambaye ni tun yaushe, na yi ta in-ina. Ya ce sirrin matan ƙananan hukumomi uku ne a bayan ƙofar nan, in rufe ta yau ba sai gobe ba. Abin da ya ce ke nan, in rufe ƙofa, kuma yana da gaskiya. Na buɗe shafin sokewa. A nan ne nake son masu karatu su fahimce ni sosai, don shekara da shekaru ina fakewa da cewa umarni aka ba ni. Soke satifiket kaɗai ya isa. Da na yi haka kwamfutar ba za ta sake shigowa ba, kuma ba wani bayanin mara lafiya da ke zaune a cikinta, ogana da kansa ya tsara komai ya tsaya a Makarfi. Amma a ƙasan shafin akwai wani ɗan akwati da in ka danna shi za a goge na'urar gaba ɗaya. Na kuma san wani abu: in sokewa kawai na yi, duk ranar da aka kunna kwamfutar manhajar za ta nuna mini da jan rubutu cewa wane ya ƙwanƙwasa an hana shi shiga. Na ga ba zan iya zama kullum ina kallonsa yana ƙwanƙwasawa ina hana shi ba. So nake abin ya ƙare kwata-kwata. Na danna akwatin, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Umarnin ba ya tafiya nan take, yakan jira sai an sake kunna kwamfutar, saboda haka ina da yini guda da kwana da zan iya janye shi. Na tuna da karatun da ke ciki kuwa, ba sau ɗaya ba. Na ce wa kaina ai yana hannun ɓarawo, ya riga ya salwanta. Na koma gida ban ce wa matata uffan ba.

Washegari da hantsi sunan ya yi kore, umarnin ya tafi, ina zaune ina kallo. Bayan ɗan lokaci manhajar ta rubuta cewa an gama, sunan ya ɓace daga allon. Ba zan yi ƙarya ba, wani sanyi na ji ya ratsa ni, har hamdala na yi. Ran nan na ci tuwo na nemi ƙari, kuma wannan ƙarin yana cikin abubuwan da suka fi ba ni kunya a rayuwata.

Ranar sadakar arba'in muka je Malikanchi, na zauna a zaure da maza, matata ta shiga ciki. Ta daɗe kafin ta fito, da ta fito kuma riƙe take da wani abu naɗe a zane, idanunta sun yi ja. Sai da muka koma gida muka shiga ɗaki ta kwance zanen. Kwamfutar ce. Ashe a wancan makon matar ba ta jin daɗi, sai marigayin ya bar mata ita ta riƙa saurare, ya ce shi zai lallaɓa da ta kan teburinsa a ofis. Da aka yi rasuwar ta tura ta ƙasan akwatin kayanta, tana tsoron kada a karɓe ko a sa ta cikin gado, da niyyar in ta haihu ta mayar. Ba su da wuta, da safe ake sa mata caji a wutar sola ta maƙwabta, shi ya sa sai da hantsi, in mata sun watse kan aikinsu, take turo ƙofa ta ajiye ta kusa da cikinta ta kunna. Ta gaya wa matata cewa ran nan yana tsakiyar aya muryar ta yanke, kwamfutar ta mutu ta sake tashi ba komai a ciki. Ta ɗauka ita ce ta danna wani wurin da bai kamata ba, ko kuma Allah ne ya kama ta don ta ɓoye amanar mutane. Saƙon da ta bayar a kawo mini shi ne, don girman Allah, ni da marigayi yake yawan yabo, in dawo mata da muryar ko da kaɗan ce. Matata ta dube ni kawai, ba ta ce ai na gaya maka ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Na kai ta wurin masu gyara a Zariya, na kai ta Kano, kowa ya duba sai ya ce wanda ya tsara gogewar nan ya san aikinsa. Na binciki babbar kwamfutar ofis ko ya ajiye kwafi, amma mutum ne da ba ya haɗa kayansa da na amana. Na bi abokansa ina neman saƙon murya, shi kuma ba mai aika irin wannan ba ne, kira yake yi ko ya rubuta. Ɗaya tak na samu a wayar wata ma'aikaciyar jinya, inda yake ce mata layi ya dawo a Kudan ta sake gwadawa. Wannan shi ne duk abin da ya rage na muryarsa a duniya. Sai na aika wa matar cewa kwamfutar ce ta lalace, hakan yana faruwa. Na bar ta da zargin yatsunta. Ta haifi 'ya mace, na je suna da turmin atamfa na zauna aka yi addu'a da ni.

Ƙaryar ta zauna har aka kusa yaye yarinyar. Matata ce ta ce ita fa ta gaji, ba za ta iya ci gaba da zama da baiwar Allah tana jin ta tana tsine wa hannunta ba, ko in faɗa ko ita ta faɗa. Lokacin matar ta koma gidan iyayenta kusa da Ikara. Muka je, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki, ita da matata suna ciki, na faɗi komai kaina a ƙasa, har da ɗan akwatin da ba wanda ya sa ni dannawa. Da na gama sai ta tambaya ko ina ganinta ne in ta kunna. Na ce a'a, suna kawai nake gani. Ta ce ashe kullum akwai wani a Makarfi da ya san ana buɗe ta, amma ya kasa aiko ko mace ɗaya ta tambaya. Daga nan ta ce ita ta yafe nata kason duniya da lahira, don ita ma ta ɓoye abin da ba nata ba. Sai dai karatun nan ba don ita aka naɗe shi ba, don yarinyar ne, kuma ba ta da ikon yafe haƙƙin da ba nata ba. Ta ce in jira ta girma in gaya mata da bakina, in nemi yafiyarta.

Har yanzu ina wannan aiki, ni ne ma a kan kujerarsa. Na kafa doka cewa ba a goge na'urar kowa sai an tura mutum da ƙafarsa ya je ya tambaya, in gidan takaba ne a tura mace. Soke satifiket kuwa a yi shi a ranar, ba jiran arba'in, domin jinkirin da na kira girmama mamaci shi ya ba tsorona lokacin girma. Ina kira ga 'yan'uwana masu irin wannan aiki, ku da kuke zaune wuri guda kuna da iko da na'urorin da ke garuruwan da ba ku gani: kowane suna a allon nan ɗakin wani ne, kuma ba ku san wanda ke zaune a ciki ba. Abin da za a iya warwarewa ku fara yi, wanda ba ya dawowa ku bar shi ƙarshe. Sauran jama'a kuma, kada ku ajiye abin da zuciyarku ba za ta iya rasawa ba a cikin kayan ofis, akwai wani can da ba ku sani ba da yatsansa ke kai. Kuma duk ranar da kuka ji kunya ta hana ku yin tambayar da ta zama dole, ku tsaya ku bincika da kyau ko kunyar ce da gaske.

Yarinyar ta shiga islamiyya yanzu. Baffa take ce mini, in na je da gudu take zuwa ta durƙusa ta gaishe ni. Zuwan da muka yi na baya ta ja matata gefe ta tambaye ta ko gaskiya ne ni da babanta ɗaki ɗaya muke zama, in haka ne tana son in gaya mata yadda muryarsa take. Uwarta ta ce in ɗan ƙara haƙuri ta ƙara wayo. Wayon kuwa kullum ƙaruwa yake yi, ni kuma har yau ban san da wace kalma zan fara ba.